Zoben Taurari a Wajen Yankan Tumatir

Tambaya ba ta taɓa kiran sunan Maharazu ba, don ɗanta ne na fari. Shekara ashirin da shida tana ce masa "wancan", in kuwa magana ta kama dole sai ta bi da ita ta bakin Barira, ƙanwar mijinta marigayi. Amma duk garin Kura an san in wancan ya yi tari a jami'a a Zariya, ita ce ba ta iya cin tuwo.

A ranin 1987 tumatir ya yi kwantai, kowa ya koma yanka shi ana shanyawa. Nan bakin kwatar ruwa Maharazu ya same su da hantsi, ita da Barira, hannuwa jajur. An ba shi gurbin ƙaro karatun taurari a ƙasar Turawa, shekara huɗu, ranar Litinin za a rufe karɓar amsa. Shi kuwa ya rantse ba inda za shi sai da yardarta. Wata guda ke nan tana toshe kunne.

Ya durƙusa ya gaishe su, sannan ya ajiye wani hoto a kan faifai.

"Goggo, ki nuna wa Inna abin da zan je in karanta."

Tambaya ta ci gaba da yanka, sai dai ido ba shi da shamaki. Dunƙulen haske ne a tsakiya, baƙin fili ya kewaye shi, can waje kuma wani zobe fari, zagaye tsaf kamar bakin kwarya.

"Barira, tambaye shi wa ya cinye abin da ke tsakani."

Maharazu ya danne dariya. Ya ce gungun taurari ne masu yawan da ba sa ƙirguwa, kuma irinsa da wuya a samu. Wasu irinsa, in ji masana, wani ƙaramin gungu ne ya ratsa ta cikinsu, taurari suka bazu kamar in an jefa dutse a kwata. Amma wannan an duba gabas da yamma, ba a ga dutsen ba.

"Wato su ma ba su sani ba," in ji Tambaya, tana kallon Barira. "Makaho zai ja makaho. Ga gona, ga ruwa har gindin shuka, shi sai abin da ba a miya da shi."

Gaskiyar magana tsoro take ji. Yayanta ma haka ya tafi Kurmi da alkawarin shekara biyu, har uwarsu ta rasu tana leƙen hanya.

Ta goge yatsa a zane, ta ɗora a baƙin filin nan.

"Ce masa, tunda ba abin da ya haɗa su, me ya hana na wajen watsewa?"

"Goggo, nauyin gungun ne gaba ɗaya yake riƙe da su, ba a ganinsa da ido. Duk nisan nan, na tsakiyar suke zagayawa."

Barira ta buɗe baki za ta maimaita, Tambaya ta ɗaga mata hannu. Ta daɗe tana duban hoton, ƙudaje na bin wuƙar da ta ajiye. Ƙaunar yaron nan ta cika mata ƙirji har ta ji haushin kanta.

"Barira, jeki ki kora awakin can daga shanya."

Ba akuya ko ɗaya a wurin, amma Barira ta tashi.

Tambaya ta ɗago ta dube shi ido cikin ido. Ashe har ya fara saje, ita ba ta sani ba.

"Kai," ta ce. "Je ka, Allah ya yi maka albarka. Amma in ka tarar da kabarina, ban yafe ba."

Maharazu ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tumatir.

"Matsa can," in ji ta. "Za ka jiƙa mini shanya."