Takardar da Marigayi Ya Bari

Abin da mijin Malama ya bar mata da 'ya'ya uku bai wuce wata 'yar takarda ba, mai kalmomi goma sha biyu da ya rubuta da biro. Su ne makullin asusunsa na kirifto, wato kuɗin intanet, inda ya yi shekaru yana tara guminsa. Ƙaninsa Auta, mai gyaran waya, shi ya buɗe masa asusun, shi kuma ya nuna wa Malama yadda ake dubawa a waya.

"Yaya, kada ki buga su a kwamfutar kowa," ya ce mata. "Ko ni kada ki nuna wa."

Da damina ta yi nisa, danshin ɗaki ya shiga akwatin da take ajiye takardar, tawadar ta fara bajewa. Hankalin Malama ya tashi. Ran nan da aka tashi daga makaranta, ta biya shagon da take buga jarrabawar ɗalibanta. Kwamfuta ɗaya ce a lungu, kusa da injin hotokofi mai zafi kamar murhu. Ta ce wa mai shagon ta ɗan ba ta wuri. Da hannunta ta buga kalmomin, ta fitar da su a takarda, ta goge su daga kwamfutar, ta sake dubawa ta ga babu. Har yaba wa kanta ta yi.

Bayan kwana biyu ta buɗe waya, ta tarar an kwashe asusun kaf.

Tunaninta bai je ko'ina ba sai kan Auta. Wa ya san asusun in ba shi ba? A gaban surukarta da sauran dangi ta ce ya ci amanar marayu. Tsohuwar ta fashe da kuka, ta ce kada Auta ya ƙara taka mata gida.

Sai bayan wata guda Malama ta koma shagon, ta ga lungun babu kwamfuta.

"Tana wajen gyara," in ji mai shagon. "Wai bairos ne a ciki. Duk abin da aka buga yana tura wa wasu can. Mutum huɗu ke nan suna zuwa yi mini masifa."

Daga nan Malama ta wuce rumfar Auta. Ta same shi a sunkuye kan wata waya da ya kwance, bai ɗago ba har ta gama magana.

"Na ji," ya ce. "Amma tun ranar masu kawo mini gyara suka watse. Wa zai ba ɓarawo wayarsa? Ki je ki gaya wa Mama, in za ta yarda."

Ta je ta gaya mata. Tsohuwar ta saurara, ta goge ido, ta ce, "Ki daina rufa masa asiri, 'yar nan. Ni na haife shi."