Kiran Ƙarfe Uku

Tun safe ran Auta a ɓace yake, kuma wallahi da dalilinta. An ɗauke wuta a gidan da ta kama haya, fanka ta tsaya cak, ta farka sharkaf da gumi, sauro ya yi mata kaca-kaca da ƙafafu. Wai wannan ne garin da ake ta yaɗa hotonsa, ga teku, ga bishiyoyin kwakwa, ga mutum kishingiɗe da kwamfuta a cinya yana murmushi. Ƙarya tsagwaronta! Wa yake iya ganin rubutu a fuskar kwamfuta cikin wannan rana mai dafa ƙwaƙwalwa?

Shekara biyu ke nan tana wannan rayuwa. Aikinta tsara wa kamfanoni shafukan intanet, ofishinta jakar goyo, wata uku a wannan gari, wata biyu a wancan. Ranar da za ta bar gida Baba ko ɗago kai bai yi ba daga rediyonsa. "Yawo dai," in ji shi, "a kira abu da sunansa." Ita kuwa da yake zuciyarsa ta gado kaf, ta ja akwatinta ta fice. Tun daga ranar, gaisuwa ma sai ta bakin Yaya, babban wanta.

To yau za a yi wa Baba aikin zuciya. Mako biyu da suka wuce, tana can garin da ta baro, Yaya ya kira ta. "Baba ya ce ki kira shi kafin a shiga da shi. Da bakinsa ya faɗa, Auta. Ƙarfe takwas na safe agogonmu, takwas da rabi za su tura shi." Ta ce za ta kira, ta ƙirga bambancin awoyi da yatsu har sau biyu, ta rubuta a 'yar takarda, "Baba, ƙarfe uku," ta manna a gefen madannan kwamfuta inda idonta ba zai kauce mata ba.

Wurin da take aiki wani zaure ne a saman shagon sayar da tayoyi: dogayen tebura, wayoyin caji a harɗe a ƙasa, warin roba yana hawowa ta matakala. A kusurwa akwai ɗan ɗaki na gilashi, guda ɗaya tal, na mai son yin waya cikin natsuwa. Doka a rubuce take, minti talatin ga kowa, kuma sai ka sa sunanka a allo. Tun ƙarfe goma Auta ta rubuta nata a gaban ƙarfe uku, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Bayan azahar ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Rufin kwano ne, in ana irin wannan ruwa ko na kusa da kai ba ka ji sai ka ɗaga murya. Ɗakin gilashin nan kaɗai ya rage, kuma tun ƙarfe ɗaya wani yake ciki.

Mai Gemu suke ce masa. Sana'arsa ɗaukar kansa a bidiyo yana koya wa mutane yadda za su ajiye aikin ofis su bi duniya. Ya kafa fitila mai zagaye, ya saƙala abin magana a kwalar riga, yana ta wara hannuwa yana washe haƙora. Wandonsa gajere, ƙafarsa ba takalmi, amma daga ƙugu zuwa sama ka rantse shugaban banki ne.

Uku saura kwata ta ƙwanƙwasa gilashin. Ya ɗaga mata yatsa ɗaya, ko kallonta bai yi ba. Ta ja tsaki ta nufi manajan wurin, wani bawan Allah mai tsoron rigima kamar me.

"Ranki ya daɗe, a ɗan yi haƙuri, yanzu zai fito."

"Awa biyu yake ciki. Dokar taku ta ado ce?"

"Ai tsohon abokin hulɗarmu ne, kin gane…"

"Ban gane ba. Mahaifina za a yi wa aiki."

"Ayya, Allah ya ba shi lafiya," ya ce, ya mai da kansa kan takardun da ba karanta su yake ba.

Nan zuciya ta ɗebe ta. Ta koma ta fizge ƙofar har fitilar ta yi tangal-tangal.

"Haba baiwar Allah! Ɗauka nake yi, kin ɓata min…"

"Na ɓata ɗin! Fita!"

"Minti biyar kacal."

"Ko daƙiƙa biyar. Kai kaɗai Allah ya yi wa baki? Tun ɗazu kake zuba kana koya wa mutane 'yanci, ka tare wa jama'a wuri kamar gadon gidanku. Karanta allon can, in ka iya karatu. Ka kwashe tarkacenka ko in kwashe maka ta taga!"

Kowa ya zare abin kunnensa yana kallo. Mai Gemu ya tattara wayoyinsa yana gunaguni, wai mutane ba su da tarbiyya, ya fito yana jan fitilarsa. Wata mai fassara da ke zaune kusa da taga har da ɗan tafi a ƙarƙashin tebur.

Auta ta shige ta rufe ƙofa. Ta goge fuska da gefen mayafi, ta gyara zama, ta haɗiye sauran fushin don kada Baba ya gan shi a idonta. Tun jiya take bitar abin da za ta ce: ba dogon zance, ta gaishe shi, ta ce ya yafe mata, shi ke nan. Agogon kwamfuta ya nuna uku daidai. Ta danna kiran bidiyo.

Yaya ne ya ɗauka. A bayansa wani dogon baranda ne na asibiti da kujerun ƙarfe, Inna na zaune a ɗaya ta dafe kai.

"Yaya, ina kwana? Ba shi wayar."

Ya tsaya yana kallonta.

"Yaya, ba ka ji na ne? Ka ba Baba."

"Ƙarfe nawa ne, Auta?"

"Uku mana, wato takwas a wurinku."

"Tara ce a wurinmu."

Ta buɗe baki za ta yi musu, domin ita gwana ce a nan, sai idonta ya sauka kan 'yar takardar. A wancan garin ta rubuta ta. Kwana shida da suka wuce ta hau jirgi ta dawo nan, waya ta gyara agogonta da kanta, kwamfuta ta gyara nata, takarda kuwa tana nan yadda aka rubuta ta. Awa guda ce tsakanin garuruwan biyu.

"To me ya hana ka kira ni?" ta daka masa tsawa. "Kana zaune kana kallon agogo, hannunka ciwo yake? Kira ɗaya, Yaya!"

"Kar ki kuskura ki ɗaga min murya." A hankali ya faɗa, kuma ta san wannan ya fi ihu muni. "Wayata tana hannunsa. Tun takwas saura ya karɓe ta ya ɗora a ƙirji. Na ce bari in kira ki, ya ce a'a, ke kika ce za ki kira. Ma'aikatan jinya suka zo takwas da rabi, ya ce su ƙara masa minti goma. Suka ƙara. Suka dawo, ya sake roƙonsu. Baba fa, Auta, yana roƙon mutane."

A waje Mai Gemu ya dawo ya tsaya yana nuna wa manaja ita da yatsa.

"Ya bar min saƙo?"

"Da za su tura shi ya miƙo min wayar, ya ce in riƙe da kyau kada caji ya ƙare."

"Sai me?"

"Shi ke nan abin da ya ce."

"Likita fa? Me likita ya ce?"

"Ya ce awa biyar, in an dace." Yaya ya waiwaya ya dubi ƙofar da aka shiga da Baba, ya dawo da idonsa kanta, jajir. "Sai ki ƙirga da kanki. Ni ban san a wane gari kike ba."

Ya kashe wayar.