Harkar Ƙwaya

"Ƙwaya fa, Basiru! Da kunnena na ji, ba wani ya faɗa mini ba."

Gwaggo Asiya ce ke wannan rantsuwa a tsakar gidan ƙaninta, ko mayafi ba ta sauke ba. Hure, matar gidan, tana bakin murhu tana tuƙa tuwon dawa, sai ta ji muciyar ta yi mata nauyi.

Autar Hure, Sadiya, wadda ke aiki a wata cibiyar bincike a birni, ta zo hutu ƙauyen nasu da ke gefen Minjibir. Da safe Gwaggo ta tsinkayi muryarta a bayan rumbu tana waya: "Kar ku bari ƙwayoyin nan su fita daga firij, da ƙyar muka samo su." Shi ke nan! Kafin azahar zancen ya biya ta wurin mai niƙa, ya isa ƙofar masallaci. Gwaggo kuwa Allah Ya yi mata baiwa, in ta ɗebi magana a ludayi, a ƙwarya take sauke ta.

Malam Basiru ya jingine fartanyarsa, ya ce, "Ba za ta koma ba. Motar gobe ta tafi ba ita. Ni boko na tura ta, ba sayar da kayan maye ba."

Hure ta ɗago kai. Ita ta san irin wahalar da yarinyar ta sha kafin ta sami aikin nan, ta kuma san Malam in ya kafe, sai dai a kira liman.

"Malam, a bari ta yi bayani mana," ta ce. "Ko alƙali ai yana jin ta bakin mai laifi."

Aka kira Sadiya. Da ta ji tuhumar, dariya ta ƙwace mata har da riƙe ciki.

"Ka gani ko?" in ji Gwaggo. "Ta ma fara sha."

Sadiya ta durƙusa ta nutsu. "Baba, ƙwayoyin halitta nake nufi, 'yan mitsi-mitsin da aka gina jikin mutum da su. Da su muke gwada allurar rigakafi. Bara da aka sace awakin unguwar nan, me 'yan sintiri suka fara tambaya?"

"Kamannin ɓarawon. Aka ce musu mai jar hula ne."

"To, jiki ma yana da 'yan sintirinsa. A da, sai a kamo ƙwayar cutar kanta, a karya mata ƙarfi, a nuna musu. Yanzu ba sai an shigo da ɓarawo gida ba. Saƙo muke haɗawa a cikin allurar, mai ɗauke da bayanin hularsa kawai. Jiki ya karanta, ya ɗinka irin hular, 'yan sintiri su ƙare mata kallo, saƙon ya narke. Ranar da mai hular ya leƙo, sai dai ya ji a jikinsa."

"Innalillahi! Har da ɓarayi take hulɗa," Gwaggo ta ce, amma ta gyara zama.

Malam ya shafa gemu. Shi mutum ne mai son zancen da ke da kai da gindi. "To ke wane ɓarawon kike bi?"

"Ciwon daji, Baba."

"Ciwon daji a birni?" Gwaggo ta taɓe baki. "Ai mu ya kamata a tambaya, mu ne a dajin."

"Sankara, Gwaggo. Shi ya fi wuya, don ɓarawon ɗan gida ne. Ƙwayar jikin mutum ce take kangarewa, tana sanye da kayan gida, 'yan sintiri na gaishe ta tana wucewa. Aikinmu mu gano ɗan tabon da ya bambanta ta da sauran, mu aika musu. Kuma kusan kowane mara lafiya tabonsa daban."

Hure ta daina tuƙi. Tun kafin damina take jin wani ɗan ƙullutu a nononta na hagu, kamar ƙwayar gyaɗa, ba zafi ba ƙaiƙayi. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta shafa man shanu, ta shafa tofi, ta ce maruru ne mai nawar fitowa. Yanzu da ta ji an ce ɗan gida, tsoro ya kama ta sosai.

"Allurar taku ta fito ne?" ta tambaya, ba ta juyo ba.

"Da saura, Inna, ana kan gwaji. A yanzu dai babban magani a gano shi da wuri."

Malam ya yi gyaran murya. Zancen ya shige shi, amma a gaban yayarsa ba zai sauko haka kawai ba. "Na ji. Sai dai gani ya kori ji. Ba inda za ki, sai an bi ki an ga ƙwayar nan da ido."

"Ni zan je!" Gwaggo ta yi caraf, don rabonta da birni tun bikin jikarta.

"Yaya, ke da mota ke sa ki amai?" Hure ta ce. "Ni na haife ta, ni zan je."

Malam ya dube ta da mamaki. Matar da ko kasuwar Lahadi sai an yi da gaske take zuwa! Ya ce to, Allah Ya kai mu.

Washegari a cikin bas, an matse su tsakanin buhun gyaɗa da wani mai kaji, Sadiya ta rungume hannun uwarta tana murna.

"Inna, kin cece ni. Amma fa ƙwayoyin namu ba sa ganuwa da ido, sai da na'ura."

Hure ta ja mayafinta ya rufe su biyu, ta kama yatsun 'yarta ta ɗora a ƙirjinta, ta ɗan danna.

"Ki bar naki a firij ɗinsu," ta ce a hankali. "Ga wata nan na taho miki da ita, a fara duba mini."