Gobarar Sufeto

"Hijabi! Takalmi! Waje!" Uwaliya ta daka tsawa tana buga faifai a cinya.

Mata suka watsar da gyaɗar da suke tsincewa, suka kwasa a guje suna ƙyalƙyala dariya. A ɗan zauren da ke bakin ƙofarsu kowacce ta fizgi hijabinta daga jikin ƙusa, ta zura silifas, ta yi waje. Har Marka, wadda kullum sai ta fito da takalmin wata, yau nata ta sako.

Kwana da kwanaki ke nan suna wannan atisaye a masana'antar man gyaɗa ta Alhaji Mahbub, kan hanyar Gwarzo zuwa Kabo. Yau kamfanin inshora zai turo sufeto ya ga yadda ma'aikata za su fice idan gobara ta tashi. Alhaji bai ɓoye wa Uwaliya komai ba, tunda ita ce shugabar mata. Gas ya yi tsada, ciniki ya ja baya, shi kuwa abin da zai rage yake nema. Idan mata suka kayar da shi a gwajin nan, zai rufe sashensu ya riƙa sayo tsintacciyar gyaɗa daga Kano. Uwaliya na da marayu a garin Durun, ba ta kuma da wata sana'a. Tsoro take ji sosai, sai dai wanda ya ga rawar ƙafarta ba zai ce haka ba.

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a aka ja bango tsakanin maza da mata. An bar ƙofa guda a jikinsa, aka danna mata kwaɗo, makullin kuma ya bi duniya. Da yake namiji ba ya shiga, ga zafi kamar gidan burodi, matan sukan rataye hijabai a zaure su yi aiki da ɗaurin ƙirji. Shi ya sa duk dabarar Uwaliya ta ƙare a kan hijabi da takalmi.

Da hantsi sufeto ya iso, wani siririn mutum mai suna Malam Abdulrahman. Aka gaisa, aka tambayi hanya da mutanen Kano, sannan ya ce kowa ya koma bakin aikinsa. Ba a jima ba maigadi ya shiga dukan tsohon ƙarfen da ke madadin ƙararrawa.

"Hijabi! Takalmi!" in ji Uwaliya.

Suna buɗe zaure hayaƙi ya yi musu sallama. Ashe bawan Allahn nan rabin duro ya sa aka cika da tsummokara, aka cinna wuta, aka girke a bakin ƙofarsu.

"Wutar a nan take!" ya ɗaga murya daga waje. "Wannan ƙofa ta ƙone. Ku nemi wata!"

"Wata?" Marka ta ce. "Malam, a gidan wa ka ga wata? To hijabanmu fa?"

"Su ma sun ƙone!"

"Ƙarya ne wallahi, ga nawa can ina hangowa!"

Dariya ta ɓarke, tari ya biyo baya. Goyon da ke bayan wata ya fara kuka. Uwaliya ta dubi tagogi, duk da ƙarafa. Ta dubi ƙofar maza da kwaɗonta mai tsatsa. Ta ji aikin nan yana sulluɓe mata daga hannu, sai zuciya ta ɗebe ta.

"Kowacce ta kifa buhu a ka! Ku kama bencin nan!"

Bugun farko kwaɗon ya yi gardama. Da suka ja baya suka ƙara da bismilla, ƙyauren ne gaba ɗaya ya rabu da bango, ya kwanta.

Su kuwa maza sun ji ƙarfe, amma da yake sun san wasa ne, tafiya suke ta ƙasaita. Babu mai riga a cikinsu, daga su sai gajerun wanduna, jiki duk maiƙo. Lukuman mai kula da injin matsa ma tsayawa ya yi yana ƙarasa ƙulinsa. Yana ɗago kai ya ga buhunan gyaɗa masu ƙafafu sun yo kansa.

"Innalillahi! Aljanu!"

"Aljanun gidanku!" in ji wani buhu. "Kauce, Lukuman!"

Muryar Marka ce, kuma 'yar Marka yake aure. Da aljanin ne da sauƙi. Suruka ta gan shi ba riga! Ya rungume ƙirjinsa, ya zunduma a guje, ya tsallake jarkoki kamar ɗan akuya. Sauran maza suka duba, kowa na da inna ko gwaggo ko matar maƙwabci a cikin buhunan nan, sai suka rufa masa baya. Kafin maigadi ya ajiye sandarsa babu kowa a ciki. Mata na gindin darbejiya, maza sun laɓe a bayan tankin ruwa suna roƙon a miƙo musu riguna.

Sufeto ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce tun da yake aikin nan bai taɓa ganin masana'antar da ta fice da sauri haka ba. Ya ce sun ci, amma ya kamata a duba zancen ƙofa ta biyu. Alhaji ya ce in sha Allahu, irin wadda kowa ya san ma'anarta. Motar sufeto na tashi Alhaji ya juyo yana washe baki.

"Uwaliya, kun fitar da ni kunya. Sashenku yana nan."

Marka ta rangaɗa guɗa da buhunta a ka. Alhaji kuwa tuni ya aika a kira Ya'u kafinta ya mayar da ƙyaure, kafin labari ya kai kunnen 'yan kwamitin Shari'a.

Uwaliya ta koma ciki ɗauko hijabinta tana ta murmushi. Hayaƙi bai gama fita ba. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta ga zanin goyo a ƙasa, ga buhuna jibge har rufi. Hayaƙin tsumma kawai ya yi musu haka. Nan suke wuni kullum da jarirai, ƙofa ɗaya. Murmushin ya tafi. Ta sa hijabi, ta je ta zauna daram a kan ƙyauren.

"Tashi mana, Ya'u zai yi aiki," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, da gobarar gaske ce fa?"

"Ai ba ta gaske ba ce."

"Idan aka mayar da ƙyauren nan, Alhaji, ba sai ka kore ni ba. Da ƙafata zan tafi."

Bakinta ya faɗa tun kafin ya yi shawara da tukunyar gidanta. Marka ta zo ta zauna kusa da ita. Mai goyo ma ta zauna, saura suka bi, har ƙyauren ya ɓace a ƙarƙashinsu. Ya'u ya tsaya da guduma a hannu, ƙusoshi a baki.

"To me kuke so in ce wa 'yan kwamiti?" Alhaji ya tambaya. Ya dubi tagogin nan masu ƙarafa, ya daɗe yana dubansu, sannan ya gyara hula.

"Ya'u, ajiye gudumar. Je ka kasuwa ka yanko labule mai kauri."

"Mai furanni, Alhaji!" in ji Marka.

Mata suka miƙe da shewa, kowacce na neman faifanta. Uwaliya kuwa ta ci gaba da zama a kan ƙyauren, sai yanzu tsoron abin da ta faɗa ya kama ta. Ta ce su fara, tana zuwa.