Kujerar da Ba Ta Huce Ba

Iyatu tana da 'ya'ya biyar, amma in ka tambaye ta, huɗu za ta lissafa maka ta yi shiru. Wadda take tsallakewa ita ce ta fari, Amatullahi, kuma shekara goma sha uku ke nan ba ta taɓa kama sunanta ba. Haka aka yi mata a rugarsu ta wajen Buji, haka ta taho da kunyarta unguwar Yalwawa a Dutse, cikin gidan siminti mai mitar lantarki. In tana son yarinyar ta ɗebo ruwa, sai ta dubi randa ta ce, "Randar nan dai ta bushe." Ruwa kuwa sai ya zo.

Wannan tsari bai taɓa ba ta wahala ba, sai ranar da ta ga wani tsumma an wanke an shanya a bayan buhun gawayi, inda ba mai shanya. Yarinya ta fara al'ada, kuma akwai maganar da dole wani ya yi mata. Maigidan, Modibbo, ba a ma sa shi a ciki. Shi ko a rediyo ya ji an fara zancen mata, tashi yake ya tafi alwala.

Kwana biyu tana juya abin a ranta. A na uku, Amatullahi na wanke-wanke a tsakar gida, Iyatu ta ɗebi dusa ta je ta tsuguna gaban akuyarta.

"Ke akuya," ta ce da ƙarfi, "yanzu kin girma, ki buɗe kunnenki. Duk macen da ta fara ganin jini, in ta zauna inda namiji ya tashi wurin bai huce ba, to ciki ne, ba makawa. Na dai gaya miki."

Akuya ta ci gaba da cin dusarta. Kwano ya suɓuce daga hannun Amatullahi.

Iyatu ta san ƙarya ce, mai haihuwa biyar ai ba a kujera ta samo su ba. Amma da wannan maganar kakarta ta tsorata ta, kuma ga ta nan lafiya lau. Ita gaskiyar tana da wasu kalmomi da ko akuya ba za ta iya faɗa wa ba.

Abin da ta manta shi ne 'yarta na da ƙawaye. Amatullahi ta gaya wa aminiyarta Lauratu, 'yar shekara sha biyar da ke tallar awara in an tashi makaranta, Lauratu kuwa bakinta ba ya riƙe komai. Kafin sati biyu, duk 'yan matan ajinsu sun daina zama kai tsaye. Sai an taɓa benci da bayan hannu, kamar ana duba zazzaɓi. Ga shi Dutse ce, ga shi lokacin bazara: kowane benci da zafinsa, ba mai iya raba na rana da na namiji. Sai suka koma yayyafa ruwan leda kafin su zauna. Wasu suka daina hawa adaidaita, suna takawa a ƙasa. Shugabar makarantar ta leƙa ta ga yara arba'in a tsaye, sun ɗora littattafai a jikin bango suna rubutu, ta ce wannan aikin aljanu ne, ta sa aka kira mai ruƙiyya. Bawan Allah ya zauna ya yi karatu mai tsawo, sannan ya miƙe, ya nuna kujerarsa ya ce yarinya ta farko ta zo ta zauna. Ta taga suka fita.

Labarin ya zagayo har gidan Iyatu. Maƙwabciyarta ta shigo aron rariya, ta rage murya ta ce wai wani babban likita ne ya faɗa a waya, a ƙasar waje aka gano abin.

"Ikon Allah," in ji Iyatu.

Ranta kuwa fari ƙal. Ita da ba ta taɓa shiga aji ba, ga maganarta tana gadin 'yan matan unguwa guda.

Sai ƙanwarta ta haihu a Jahun, suka tafi suna ita da yaran. A dawowa motar hayar da suka shiga ta cika, har ƙofar baya sai da aka ɗaure da igiya. Wani dattijo mai ƙiba da ke rungume da zakara ya sauka a wani ƙauye, direba ya ce a matsa ga fasinja, aka turo daga gefe, Amatullahi ta faɗa daidai gurbin da ya tashi. Iyatu ta ga yadda fuskar yarinyar ta sauya, ta kau da kai tana kallon gonaki. Kafin su shigo Dutse Amatullahi ta yi amai sau biyu. Wata mata a baya ta yi dariya ta ce, "Kai, wannan amai kamar na mai ciki!"

Daga ranar yarinyar ta daina cin abincin kirki. Wata ya zagayo, tsumma bai bayyana a bayan buhun gawayi ba. Iyatu ta san hakan yana faruwa ga masu farawa, ta kuma san ya kamata a faɗa. Sau uku tana ɗibar dusa, tana zuwa gaban akuya sai ta zuba mata kawai ta dawo.

Ranar wata Laraba da hantsi ta dawo daga kai niƙa, ta tarar da jakar makarantar Amatullahi a ƙofar ɗaki. Yarinyar na cikin kicin a tsugune, ta dama wani abu shuɗi a kofin silba, bular wanki ce da kanwa da wasu ƙwayoyi dakakku. Kofin ya kusa bakinta.

Iyatu ta kai masa duka, ya fantsame a bango.

"Inna, ki bar ni," in ji Amatullahi tana kuka. "Gara in mutu da Baba ya ji. Ko sunan mutumin ban sani ba, zakaransa kawai na gani."

Iyatu ta fito tsakar gida da gudu tana neman akuya. Akuya ta tsinke igiya ta tafi yawonta. Ta dubi turmi, ta fara, "Kai turmi," sai ta fasa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, domin saura kaɗan ta kashe 'yarta da bakinta.

Ta koma kicin ta zauna a ƙasa, gwiwarta na taɓa ta yarinyar. Ta ce ƙarya ta yi. Ta ce kujera ba ta taɓa yi wa kowa ciki ba, kuma wata yakan tsallake a farkon farawa. Sannan ta faɗi yadda abin yake tsakanin namiji da mace, komai da sunansa, idonta a kan gawayi, zufa na zubo mata kamar mai naƙuda.

Amatullahi ta share hawaye, har ta ɗan yi murmushi. Can sai murmushin ya ɗauke.

"Inna, to in namiji ya yi wannan ɗin da kika faɗa, amma ba a zauna a wurinsa ba fa?"

Iyatu ta kama kafaɗunta. "Wa ya yi miki?"

"Ba ni ba ce, Lauratu ce. Akwai wani mai shago da ke sayen awararta, yakan ce ta kai masa ciki. Ta ce ba abin da zai same ta, don ba ta taɓa zama a bencinsa ba, kullum sai ta duba. Wata uku ke nan ba ta ga nata ba. Murna ma take yi wai ta huta da wanki."

Iyatu ta miƙe, ta jawo mayafinta daga igiyar shanya tun bai gama bushewa ba.

"Tashi," ta ce, tana kallon 'yarta ido cikin ido, "ki nuna min gidansu."