Kwalbar Manaja

A'a, kada ka ce min maganin bai yi aiki ba. Ajiye kwandon nan tukuna. Ba inda za ka kai kyanwar nan sai na gama magana. Ni na haife ka, ba kai ka haife ni ba.

Na ji, ta yi fitsari a kujerar falo, ta kekketa labule. Hancina bai mutu ba, idona ma da saura. Amma shekara tara Manaja ta yi a shagon babanka, kwance kan keken ɗinki, cikin yadin mutane. Ka taɓa jin ta ɓata ko ƙyalle? Babanka ne ya sa mata sunan ma, don ita ke zaman kallo, shi yana aiki. Sai da ya rasu, kuka kwaso mu ni da ita zuwa benen nan, sannan ta zama mara kunya?

Matarka, Allah ya yi mata albarka, ita ta kai mu wurin likitar dabbobi ranar da kake ta kumfar baki. Likita ta mammatsa cikinta, ta gwada fitsarinta, ta ce lafiyarta ƙalau, hankalinta ne a tashe. Ta ce, "Mama, kin ga yadda kyanwa ke goga kumatunta a ƙafar tebur da bakin ƙofa?" Na ce na gani, na ɗauka ƙaiƙayi ne. Ta ce a'a, wani ƙamshi take bari, mu ba ma jin sa. In ta dawo ta shinshina, sai ta san nan gida ne, ta kwanta. Feromon ko me ta kira shi, bakina bai saba ba. Shi aka kwaikwaya aka zuba a 'yar kwalbar nan da ake jonawa a soket.

Na ce, "Likita, turaren da ba ya ƙamshi za ki ba ni?" Ta ce ai ba don ni aka yi ba. Amma ta kafa sharaɗi biyu. A bar shi a jone wata guda cur kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Sannan ɗan baƙin tabon nan da kyanwa ke bari a kusurwar bango in ta goga kumatu, kada a goge.

Matarka ta ji. Ka san ta da tsabta, ko inuwa ta gani a bango sai ta ɗauko soso, amma ta danne zuciyarta ta bari. Saura kai.

Ban yi boko ba, amma ina gane abin da ke jone a bango. Kana shigowa daga aiki, kafin ka cire takalmi, sai ka zare kwalbar ka sa cajar waya. Da safe ka fice, kwalba na kwance bayan talabijin, ni da gwiwar nan sai na durƙusa na lalubo ta. Soket shida ne a falon nan, ban san me na Manaja ya yi maka ba. Ranar Asabar kuma da ka tashi taya matarka aiki, abin da kake yi sau ɗaya a shekara, ka bi bango kaf da ruwan wankin nan mai warin asibiti, har kana nuna mata inda ta tsallake. Washegari aka jiƙa maka kujera.

Makon da ka yi tafiya fa? Tambayi matarka. Manaja ta fito daga ƙarƙashin gado, ta ci abinci a gabanmu, ta hau kujerar nan ta yi barci har da miƙa.

Kuma ka daina ce min ai kyanwa ce kawai. Da kuka ɗauko ni, kun ce katifata ta tsufa, kuka kawo sabuwa. Keken babanka kun bayar. Zannuwana an wanke su da sabulunku mai ƙamshin lemo, har na kasa gane su. Na haƙura, alheri kuka yi, kuma ni ban iya fitsari a kujera ba. Amma in Manaja ta hau cinyata na sa hanci a wuyanta, ko ƙarya hancin yake min, man keke nake ji.

Manaja dai, likita ta samo mata kwalbarta. Ni kuma ita ce tawa. In ka zare min ita, sai ka faɗa min me za ka jona a wurin.