Ƙanwar Mai Busasshen Kifi

A makon da ƙasar ta wayi gari ba gwamnati, shinkafar ƙauyen Parit Sentul ba ta fasa nuna ba, agwagi ma ba su fasa iyo a magudanar ruwa ba. Maza ne kawai suka tare a rumfar shayi, kowa ya tsura wa wayarsa ido, ana ta zancen wane ya yi tsalle zuwa wata jam'iyya, wane na ɗaura ɗamarar yi. Ƙawancen masu neman gyara, wanda aka yi ta hawayen murna ranar da ya ci zaɓe, ya watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Aka ce yanzu Malayawa za su haɗa kai su ceci addini da ƙabila daga hannun Sinawa. Abin da Sinawan suka yi wa addinin kuwa, babu wanda ya samu sukunin faɗa.

Mak Som ba ta da waya irin wannan, ba ta kuma nema. Mak, wato uwa, ake kiranta; sunanta Kalsom, tsohuwa ce mai wankan gawar mata a ƙauyen, kuma in an taru Mauludi ita ke ba da baiti sauran mata na amshi. Kowa ya san haihuwar Sinawa ce. A da can, in 'ya'ya mata suka yi wa gidan Basine yawa, shinkafa ta kasa, sai a miƙa jaririya ga Malayawan da Allah bai ba haihuwa ba. Haka aka kawo ta cikin kwandon kifi, aka yanka akuya, aka raɗa mata suna. Shi ke nan ta zama Bamalayiya, ba wanda ya sake tayar da zancen, in ban da tsokanar Som Fara da ake yi mata.

Ta haura hamsin ranar da wani mutum ya tsaya a gindin matakalar gidanta, ya cire takalmi. Ta dube shi, sai ta ga kunnuwanta a kan wani namiji. Teoh Beng Kiat ke nan, yayanta uwa ɗaya uba ɗaya, mai shagon busasshen kifi a garin bakin kogi. Uwarsu ce ta faɗa masa inda aka kai jaririyar, dab da za ta cika. Tun daga nan duk Alhamis Mak Som kan hau bas ta je ta zauna bayan sikelinsa. Ya saya mata tukunya da kofi nata ita kaɗai, waɗanda naman alade bai taɓa kusanta ba, aka rataye su a ƙusa daban. Ba wata hira mai yawa suke yi ba. Zama kawai suke yi, shi yana tsince kifi, ita tana gyangyaɗi, kuma duk mako ba ta da ranar da take so kamar wannan.

Ɗanta Razlan ɗan majalisar jiha ne, a ƙarƙashin ƙawancen nan ya ci kujerarsa. Da safiyar Laraba ya zo ba direba, ba rakiya, ya zauna a matakala kamar yadda yake yi yana yaro in ya fasa wani abu.

“Mak, wata alfarma na zo nema.”

“In albarkar tsalle ce, Lan, ban taɓa jin kwaɗo ya nemi izinin uwarsa ba.”

“Haba Mak! Jirgi ne ya nutse. In rungume shi mu tafi ƙasa tare?” Ya murza goshi. “Hoton nan nawa da Pak Long, yayanki, shi ake ta yawo da shi a waya. Wai jinin Sinawa ne a jikina, wai su suka dasa ni.”

“To jinin wa kake so ya zama? Na bishiyar kwakwa?”

“Mak, don Allah. Ki ɗan dakata da zuwan Alhamis ɗin nan, har ƙura ta lafa.”

“Lokacin neman ƙuri'a kai ka ja shi kan dandamali, ka ɗaga hannunsa kana ihu, ga kawuna, ga kawuna. Sai da bawan Allah ya yi jinyar kafaɗa.”

“Wancan lokaci daban ne, Mak.”

Ya kama hannunta ya kai goshinsa, ya tafi. Ta bi shi da kallo, haushi da tausayi suka cakuɗe mata. Ba mugu ba ne Razlan, matsoraci ne kawai. Tun yana ƙarami dinya ke korarsa har cikin ɗaki, ga shi ya girma ya sa kwat, har yau ba a daina korarsa ba.

Alhamis ta yi, ta ɗauki jakarta ta hau bas. Direban ya kira ta yadda ake kiran kowace dattijuwa, ya ce, “Makcik, riƙe kujerarki da kyau, kwanan nan kujeru gudu suke yi.” Fasinja suka kwashe da dariya.

Rana ta buɗe, gonakin shinkafa suka yi rawaya har inda ido ya tsaya, zafi na sa su rawa a hankali. Wasu maza a kan tsani suna sauke tutoci daga turakun lantarki, suna ɗaura wasu. Rediyo na ta jero sunayen manya, sunayen suna narkewa cikin ƙugin inji. Idonta ya yi nauyi. Sai ga matar nan da takan gani in barci ya fara ɗaukarta a hanya, zaune cikin ƙaramin kwalekwale, ta juya baya, tana taje dogon gashi. Kwalekwalen na tafiya a kan zangarniyar shinkafa, daidai da tagar bas, ba ya gaba ba ya baya. Balbelu suka tashi ta cikinsa suka wuce. Mak Som ta daɗe da sanin uwar da ta haife ta ce, ta kuma daɗe da daina roƙon ta waiwayo. Ta dai raka ta da ido har warin kogi ya tashe ta.

Shagon yana nan yadda ta bar shi, buhunan kifi a jere, kyanwa kwance a kan na ƙarshe. Amma a rumfar kofi ta tsallaken titi akwai maza zaune da sababbin rigunan jam'iyya iri ɗaya, ko ninkin leda bai bar jikinsu ba. Tana sauka daga bas suka ɗaga wayoyinsu.

Beng Kiat ya ɗago kai daga sikeli, ya dube ta sarai, ya ce, “Makcik, me za a auna miki?”

Ta ɗauka har yanzu barci take. “Abang, yayana, ni ce fa.”

“Akwai ƙananan kifi masu kyau, jiya aka kawo.” Idonsa ya tsallaka titi ya dawo.

Nan ta gane Razlan ya riga ta zuwa. Ta zauna a bencin masu saye, inda ba ta taɓa zama ba. Da zagi ne da ta rama, bakinta bai taɓa mutuwa ba. Amma a kira ta Makcik a wannan shago, kamar wata baƙuwa mai neman kifin miya, wannan ya yi mata ciwo. Ta zauna, shi ma ya tsaya. Kudaje na ta kewaya buhuna, inuwa na janyewa daga bakin titi kaɗan-kaɗan, na tsallake sun gaji da riƙon waya amma ba su sauke ba.

Can sai kiran azahar ya taso daga masallacin bakin kogi, ya biyo ruwa ya shigo kasuwa. Mak Som ta miƙe, ta ɗaga muryar nan tata ta Mauludi, ta kira shi yadda baƙi ke kiran mai shago.

“Tauke! Lokacin salla ya yi, ƙafata ba za ta kai ni masallaci ba. Za ka ba tsohuwa inda za ta sa goshinta?”

Wayoyin suka sauka ɗaya bayan ɗaya. To, wane mai ceton addini ne zai yaɗa hoton tsohuwa za ta salla, ya ce ga laifi? Beng Kiat ya ɗaga katakon kantar shagon, ta wuce.

A bayan shagon akwai ɗan tsakar gida mara rufi, haske na zubowa kan randar ruwa. Yana sakin labule ya ce, “Dik, ƙanwata.”

“Ya zo ko?”

“Ya zo. Nan ya durƙusa, yana kuka kamar ba ɗan majalisa ba. Ɗanki ne, Dik, ɗana ne. Na yi masa alkawari.”

“Har yaushe?”

“Ya ce har abubuwa su daidaita.”

“Ni da kai, Abang, wa ke da sauran kwanan jiran abubuwa su daidaita? Dubi hannunka. Dubi ƙafata.”

Ya ɗebo ruwa da moɗa, ya tsuguna da ƙyar yana zuba mata, ta yi alwala. Ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa, ya karkata ta zuwa alƙibla ba tare da ya tambaya ba. Ta ciro farin lulluɓin salla daga jaka ta saka.

“Na ce masa ba zan karɓi ƙanwata ba,” in ji shi. “Ban ce zan kori mai salla ba. Amma in kin idar, sai ki tafi. Alkawari alkawari ne.”

Ya jawo buhu ya zauna a bakin labule, ya ɗora hannaye a gwiwa, ya zuba mata ido.

“Kada ki yi sauri, Dik. Ki yi a hankali.”

Mak Som ta ɗaga hannu ta yi kabbara. Da ta gama Fatiha, sai ta ɗauko surar da ta fi kowace tsawo a cikin waɗanda ta haddace.